Famfon Zafi, Na'urar da Ke Tatso Ɗumi Daga Cikin Sanyi

Tun ranar da ɗan Adam ya fara jin sanyi, dabara ɗaya ya riƙe ta korarsa: ya samu wani abu ya ƙona. Kara, kirare, itace, gawayi, kwal, kananzir, gas, duk tafiyar ɗaya ce, a hura wuta a matso kusa. Hatta hitar lantarki da muke wa kallon kayan zamani, waya ce kurum ake gasawa har ta yi jawur. Sai ga wata na'ura da ta bar wannan hanya baki ɗaya. Ba ta ƙona ko tsinke, amma tana ɗumama gida a garuruwan da ruwa ke daskarewa a kan titi. Famfon zafi ke nan, kuma a duk kayan da ake jonawa da lantarki a cikin gida babu wanda ya kwanta mini a rai kamarsa. Duk inda zancensa ya taso ba na iya yin shiru.

Mu fara da mita, tunda ita ba ta san son kai ba. Ka jona hita ta sha yunit ɗaya na wuta, zafin yunit ɗaya za ta ba ka, babu ƙari. Tukunyar gas irin wadda ke ɗumama gidajen Turai, ko ta zamani ce, in ta ƙona gas 100, kimanin 90 ne ke zama ɗumi a ɗaki, sauran ya bi hayaƙi. Famfon zafi kuwa, ka ba shi yunit ɗaya, ya zuba maka zafin yunit uku, wani lokaci huɗu, in sanyin bai tsananta ba har ya haura haka. Wannan fa ba zancen 'yan talla ba ne, abu ne da ake aunawa a gidajen mutane kullum. Wani zai ce ai lantarkin ma daga tashar da ke ƙona gas ya fito. To, a yi lissafin da shi. Tashar zamani tana mayar da kusan rabin ƙarfin gas ɗin lantarki, wato 100 ya ba da 50. Famfon zafi ya ninka 50 ɗin sau uku, ya zama 150. Gas ɗin nan dai da tukunya za ta ba ka 90 da shi. Ko ta nan aka tsaya, ya ci gasar.

Daga ina ragowar ke fitowa? Daga waje, daga iskar Allah da ba wanda ke biyan kuɗinta. Shi famfon zafi ba ƙera zafi yake yi ba, jigilarsa yake yi daga inda yake zuwa inda ake so, kuma lantarkin da yake sha kuɗin jigilar ne kawai. Iskar da muke cewa mai sanyi ba ta rasa zafi a cikinta ba. Zafi ba ya ƙarewa ƙurmus sai an kai digiri 273 ƙasa da sifili. Saboda haka iskar da take digiri 10 ƙasa da sifili, wadda ke sa haƙoran mutum kaɗawa, har yanzu maƙare take da zafi, wanda zai iya tatsarsa ne kawai ake nema.

Mai tatsar shi ne ruwan nan da ke zagaye cikin bututun jan ƙarfe, wanda masu gyaran firij da iyakwandishan ke ce wa gas. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: ruwa na tsattsafowa ta jikin ƙasar yana bin iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake manne da shi. Haka gas ɗin nan yake yi, sai dai shi tafasarsa ba ta jiran wuta. Irin wanda ake kira R32, in ba a matse shi ba, yana tafasa ne a digiri 52 ƙasa da sifili. A wurinsa, iskar daren da dusar ƙanƙara ke zuba ma mai ɗumi ce. Yana bi ta cikin bututun akwatin waje, fanka na kaɗa masa iska, sai ya tafasa ya zama tururi, ya zuƙe zafin iskar. Daga nan kwamfiresa ta karɓe shi ta matse, kuma duk iskar da aka matse zafinta hauhawa yake yi, har bututun ya fi ƙarfin taɓawa. Ya shiga akwatin cikin ɗaki da zafinsa, ya sake shi ga iskar ɗakin, ya koma ruwa. Sannan ya kutsa ta wata 'yar ƙaramar ƙofa inda matsin ke sauka, ya huce ya yi sanyi ƙarara, ya sake fita waje ɗebo wani. Haka yake ta kai da kawowa, dare da rana.

In wannan bayani ya yi kama da na firij, ai shi ne. Taɓa bayan firij ɗinka ka ji ɗumi: zafin da aka kwaso daga cikin ruwan sha da miyar da ka ajiye ne ake zubarwa a nan. Iyakwandishan ma haka, zafin ɗaki yake kwasa ya watsar a waje, shi ya sa ba ka son tsayawa gaban akwatinsa na waje da azahar. Abin da famfon zafi ya ƙara a kai wani ɗan bawul ne mai baki huɗu, wanda bai fi ka riƙe shi a hannu ɗaya ba. Shi ke juya akalar gas ɗin. Ka danna rimot, akwatin ciki da na waje su yi musayar aiki: da bazara ya fitar da zafi, da hunturu ya shigo da shi. Na'ura ɗaya, aiki biyu, shekara ta zagayo ba ta zaman banza. Wallahi wannan ɗan bawul ya cancanci a yi masa kirari.

Gani ya kori ji. Na yi hunturu a wani gidan katako a Norwe, kuma abin da ke ɗumama falon wani farin akwati ne a jikin bango, wanda da a Kano ka gan shi ba za ka ce komai ba sai iyakwandishan. A waje ɗaya akwatin na zaune kan ƙafafun ƙarfe, dusar ƙanƙara ta kewaye shi. In ka miƙa hannu gaban fankarsa, iskar da ke fitowa ta fi ta gari sanyi, domin an riga an tatse ta. Ka shigo ciki, ɗumi mai laushi na sauka a hankali, babu wari, babu hayaƙi, babu toka, babu tulun gas da za a yi ta fargabar ya yi yoyo, babu jan ƙarfe da yaro zai taɓa ya ƙone. Kuma ɗumin ba ya hawa da sauka. Saboda yana da inbata, kwamfiresar ba ta tashi da ƙarfi ta mutu ta sake tashi kamar ta tsofaffin na'urori, tana rage gudu ne ko ta ƙara gwargwadon buƙata, har ka manta tana aiki. Lokaci zuwa lokaci, in ƙanƙara ta taru a jikin bututun waje, sai ya dakata na 'yan mintuna, ya juya da kansa ya narkar da ita, ka ga tururi na tashi, sannan ya koma bakin aiki. Babu wanda ya umarce shi. Na kan tsaya a taga ina kallon wannan, kuma ban taɓa gajiya da shi ba.

Abin da ke ƙara mini ƙaunarsa shi ne ba jiya aka haife shi ba, ya daɗe yana jiran duniya ta waiwaye shi. Tun 1852 masanin nan na Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana cewa za a iya juya aikin injin sanyaya wuri a ɗumama gini da shi. 'Yan shekaru bayan haka wani injiniya ɗan Ostiriya, Peter von Rittinger, ya haɗa irinsa a ma'aikatar gishiri ta Ebensee, don a rage itacen da ake ƙonawa wajen dafa ruwan gishiri. Amma labarin da na fi so na Zurich ne. Suwizalan ƙasa ce da ba ta da kwal ɗin kirki, sai dai ruwa da tsaunuka, wato lantarki. A 1938 suka sa famfon zafi a zauren majalisar birnin, ginin da ke zaune a kan kogin Limmat, yana jan zafi daga ruwan kogin mai sanyi. Injin nan ya yi ta aiki har 2001. Shekara 63! Wace tukunyar gas ce za ta bugi ƙirji ta ce ta yi haka? Daga baya Japanawa suka kawo nasu gyaran: kamfanin Toshiba ne ya fara sa inbata a iyakwandishan na gida a 1981, kuma wannan ne ya buɗe hanyar da famfon zafi ya iya tsayawa da ƙafarsa a tsananin sanyi.

Maganar tsananin sanyi kuwa, ita ce sukar da aka fi yi masa, wai in gari ya daskare ba ya iya komai. Amsar tana kan taswira. Rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 60 cikin 100 na gine-ginen Norwe suna da famfon zafi, Suwidin da Finlan kuma sama da kashi 40. Waɗannan suna cikin ƙasashen da suka fi sanyi a Turai, inda rana kan yi makonni ba ta leƙo ba a arewacinsu. Su ne suka fi kowa rungumarsa. Norwe ma ta haramta ɗumama gini da mai tun farkon 2020. A Suwidin kuwa ana yawan amfani da na ƙarƙashin ƙasa: a haƙa rami irin na burtsatse cikin dutse, mita ɗari ko ɗari biyu, a zura bututu, a riƙa jawo ɗumin da ke can ƙasa, wanda ba ruwansa da hunturu ko bazara. A Amurka, jihar Maine da ke can kuryar arewa maso gabas, wadda ta daɗe tana dogaro da mai wajen ɗumama gidaje, ta ɗaura niyya a 2019 ƙarƙashin Gwamna Janet Mills cewa za a sa sababbi 100,000 kafin 2025. Suka cika alƙawari a 2023, shekara biyu kafin wa'adi, nan take suka ƙara wa kansu wasu 175,000 zuwa 2027. Gaskiya ne cewa in sanyi ya kai maƙura ribar na raguwa, uku ta koma biyu. To biyun ma ai ta ninka hita.

Sai manyan, waɗanda ke ɗumama gari guda. Nan ne abin ke sa tsigar jikina tashi. A garin Drammen na Norwe, tun 2011, wani kamfanin Glasgow mai suna Star Refrigeration ya kafa famfon zafi da ke jan ruwan teku mai kimanin digiri 8, ruwan da ba ka iya daɗewa da ƙafa a ciki, ya tatsi zafinsa ya dafa wani ruwan har digiri 90, a tura shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje da ofisoshi. A Helsinki, tashar Katri Vala na cikin wani kogo da aka sassaƙa a dutse ƙarƙashin wurin shaƙatawa, mutane na yawo a sama, a ƙasa ana kwasar ɗumi daga ruwan da birnin ya yi wanka da wanke-wanke da shi bayan an tace, ana mayar wa gidaje. Ɗumin da a da ake zubarwa teku. Stockholm ma na yin haka a Hammarby. A Esbjerg ta Denmak kuwa, wani ƙaton mai ƙarfin megawat 70 ya fara aiki a 2024, shi ma daga ruwan teku, a garin da a da kwal ke ɗumama shi. Duk wannan fa dabarar bayan firij ce aka faɗaɗa.

Ba zan ɓoye inda ake jin jiki ba, domin masoyi na gaskiya ba ya tsoron a faɗi nauyin abin da yake so. Sayensa da sa shi suna da tsada, musamman irin wanda ke dafa ruwa ya zagaya da shi gida duka. Shi ya sa gwamnatin Birtaniya ta ɗaga tallafin da take bayarwa a Ingila da Wales zuwa fam 7,500 a Oktoban 2023. A can kuma yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu a farashi, sai ribar da na'urar ta samo ta narke a takardar biyan kuɗi. A Jamus, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a Fabrairun 2022 gas ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka yi rububi har aka sayar da 356,000 a 2023. Sai rigimar siyasa ta kaure kan dokar ɗumama gidaje, jama'a suka rikice, ciniki ya faɗo zuwa 193,000 a 2024. Duba da kyau, a duk waɗannan babu laifin injin. Haraji ne, farashi ne, siyasa ce. Abin da shi kansa yake nema a wurinka kaɗan ne: gida wanda ba ya yoyon ɗumi ta rufi da taga, da ma'aikaci wanda ya san aikinsa, ya auna gidan kafin ya zaɓi girman na'ura.

Akwai kuma batun gas ɗin cikinsa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Tsohon nau'in R410A, in ya tsere cikin iska, illarsa wajen ɗumamar duniya ta ninka ta hayaƙin kabon fiye da sau 2,000. R32 ya sauko zuwa 675. Sababbin da ke amfani da R290 kuwa, wato gas ɗin furofen, 3 kacal. Yarjejeniyar da aka cimma a Kigali a 2016 ita ke tura masana'antu wannan hanya. Ina roƙon masu gyaranmu, don Allah, a daina kwance bututu a saki gas ya bi iska in an zo cire na'ura. Mayar da shi cikin akwatin waje kafin a kwance aikin 'yan mintuna ne, kuma mai gida ma ya huta sayen sabo.

To mu da zafi ya fi damu, ina ruwanmu da na'urar ɗumama gida? Ruwanmu da yawa. Duk mai iyakwandishan a Kano ko Maraɗi ya riga ya mallaki rabin famfon zafi, bawul ɗin nan kawai ya rasa. Kuma muna da namu sanyin. Wanda ya kwana Jos ko Gembu a watan Janairu, ko Agadas da asuba in iskar hunturu ta taso, ya san ba wasa ba ne, balle ga jariri sabon haihuwa da tsoho mai ciwon ƙirji. Abin da muka saba shi ne a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga, alhali garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe mutane cikin barci. Ɗakin haihuwa a asibiti, ɗakin jarirai, ɗakin tsofaffi, duk inda za a sa iyakwandishan don bazara, me zai hana a sa mai juyawa, ya yi aikin Afrilu ya yi na Janairu? Sanyinmu ma bai kai ya wahalar da shi ba, a irin yanayinmu ne yake ba da riba mafi tsoka. In za ka saya, ka tambayi mai shago ƙarara ko yana ɗumamawa, domin yawancin waɗanda ake kawo mana na sanyayawa ne zalla. Kada ka tsaya ga alamar rana da ke kan rimot, wani rimot ɗin na da maɓallin amma injin ba shi da bawul. Duba takardar da ke manne a jikin akwatin waje: in ka ga an rubuta ƙarfin aiki kashi biyu, na sanyi da na zafi, shi ne.

Wanda na fi yi wa ƙasarmu kwaɗayi kuwa shi ne mai dafa ruwan wanka. Japanawa sun fito da nasu a 2001 da sunan EcoCute, wanda ke aiki da iskar kabon a matsayin gas, bisa dabarar da wani farfesa ɗan Norwe, Gustav Lorentzen, ya farfaɗo da ita a Trondheim, kuma miliyoyin gidaje a Japan da shi suke wanka yau. Tanki ne da famfon zafi a haɗe, yana zuƙar zafin iska yana zubawa cikin ruwa. Ka tuna irin iskar Sakkwato ko Maiduguri da rana, ka ga irin arzikin da ke yawo a banza. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wuta na rukunin A a Najeriya naira 225 kan kowane yunit. Otal, asibiti ko makarantar kwana da ke dafa ruwa da hita za su iya samun ruwan nan da kashi ɗaya cikin uku na wutar, ko ƙasa da haka. Saboda abin da yake ja kaɗan ne, sola ma na iya ɗaukarsa: ya yi aiki da tsakar rana lokacin da farantan ke cike da wuta kuma iska ta fi zafi, tankin ya riƙe ruwan har asuba. Kuma iskar da yake fitarwa bayan ya tatse ta mai sanyi ce, busasshiya. A juya bututunta zuwa sito, ko kicin, ko ɗakin ajiye magani, sai a samu ruwan zafi a bayi da sanyi a ɗaki, duk da kuɗin wuta ɗaya.